Ɓaunar da Ke Gani wa Seikichi

Katakon da ya raba madafata da ta gidan Maemori bai kai kaurin tafin hannu ba. Gida ɗaya ne kakanninmu suka raba biyu, don haka ba zan kira abin da na yi a safiyar nan laɓe ba. Ina yanka goya, garahunin nan namu mai ɗaci, don karin kumallon baƙina, sai muryar Inna Sumie ta keto bango ta same ni.

"Jiya da yamma wa ka gaisar a ƙofar gidan su Uesedo?"

"Matarsa mana," in ji mijinta, Kawu Seikichi.

"Tukunyar gas ce, Baban Yoshimi. Tukunyar gas aka jingine aka kife mata kwando. Har da rusunawa, har da tambayar ta yaya ƙafa."

"To, shi ya sa ba ta amsa ba. Ni ma na ce yau matar nan da girman kai ta tashi."

"Kar ka mai da ni abokiyar wasanka! Ba ka gani. Shekara biyu ke nan ɓaunarka Chiyo ce ke gani maka, kai kuwa kana zaune a gaban amalanke kana kaɗa sanshin kamar wani ango. Sati uku ya rage a sallame ta a ba ka Gonta. Gonta ne zai gani maka? Wannan da in malam buɗe littafi ya gitta sai ya bi shi?"

"Rage murya, Sumie. Asami na da baƙi."

"Ba zan rage ba. Ko ka hau jirgi ka je Ishigaki a cire maka yanar nan, ko in je in gaya wa Nakamori da bakina."

Na ji ya kurɓi miya, kurɓa mai tsawo.

"Miyar yau ta yi daɗi," ya ce.

Sai ƙarar murfin tukunya da aka ajiye da ƙarfi.

Ni ce Asamin. Wata takwas da dawowata tsibirinmu na Nishibari daga birnin Naha, bayan rasuwar mahaifiyata, na karɓi masaukin baƙinta mai ɗaki uku. Na tsaya da wuƙa a hannu ina jin kaina kamar wadda ta tsinci abin da ba nata ba. Kawu Seikichi, wanda baƙi ke tambaya da suna tun daga bakin jirgi, ba ya ganin hanya. In Nakamori, shugaban ƙungiyar masu amalanke, ya ji, zai karɓe igiya daga hannunsa. Kuma duk wanda ya san Kawu ya san ranar da aka sauke shi daga amalanken nan, sauran abin da za a kai gida ba mai yawa ba ne.

Shekararsa sittin da takwas. A nan aka haife shi, a ɗakin da yanzu Inna Sumie ke shanya ganyen ruwa. Ya sari rake yana ɗan shekara goma sha biyar, ya tafi Osaka ya yi shekara shida a masana'antar ƙusa, ya dawo da tari da takalmi mai tsini da ba inda za a sa shi a tsibirin da hanyoyinsa duk farin yashi ne. Yakan ce a can ya koyi kaɗa sanshin, molon nan namu mai tsirkiya uku, saboda kewar gida. Da yana gida bai taɓa waiwayarsa ba. Lokacin da aka fara ɗaukar baƙi a amalanken ɓauna, amalanke uku ne kawai, shi ne na ukun. Ɓauna biyu suka tsufa a hannunsa kafin Chiyo. Ita kuwa tun tana 'yar maraƙa ya raine ta, ya zagaya gari da ita a ƙafa wata takwas kafin ya ɗaura mata komai a wuya.

Aikin ba wuya a ido. Baƙi goma sha biyu su hau, a zagaya gari tsakanin katangun dutsen teku, a wuce makaranta da tsohuwar rijiya, a leƙa teku ta kan tudu, a dawo. Direba ya yi hira, ya yi waƙa uku. Abu biyu ne ke raba gwani da ɗan koyo: lungu da bokiti. Lungunanmu matsattsu ne, amalanken kuma dogo, in ɓauna ta karya kwana da wuri gindinsa zai kwashe katangar mutane. Bokiti kuwa yana rataye a gefen direba. Kowace safiya kowane gida na share yashin gabansa har tsintsiya ta bar masa zane, saboda haka da ɓauna ta ɗaga wutsiya, direba ya dire ya tara. Ko ɗigo bai kamata ya taɓa ƙasa ba.

Washegari na bi baƙina na hau, na zauna a can baya. Na ce musu rakiya na yi. Ƙarya ne. So nake in ga yadda makaho ke tuƙi.

"Kowa ya faɗi sunansa da garinsa," in ji Kawu, hularsa ta kaba a karkace. "Chiyo ba ta jan wanda ba ta sani ba."

Suka faɗa ɗaya bayan ɗaya suna dariya. Na ga yatsunsa suna lanƙwashewa a kan gwiwa. Ƙirga su yake, yana kuma ajiye kowace murya a mazauninta.

"Wa ya ce Osaka? 'Yata, in kin koma ki duba min, na bar ƙuruciyata a wata masana'anta kusa da gada. In kin same ta ki aiko min, ko da ta yi tsatsa."

Ya yi wa Chiyo wani ɗan sauti da harshe, ta ɗaga. Igiyar na kwance a cinyarsa, ko taɓa ta bai yi ba. Da muka iso lungun makaranta, Chiyo ta miƙe sak kamar za ta shige katangar da ke gabanta, sai da hancinta ya kusa shafar dutse sannan ta juya a hankali. Gindin amalanken ya wuce kusurwa da tazarar yatsa huɗu. Kawu ya ɗaga hannuwansa biyu sama.

"Kun gani? Ni ɗan rakiya ne. Ita ce direba."

Baƙi suka tafa. Barkwancin ya girmi yanar idonsa da shekara goma sha biyar. Tun ina 'yar makaranta nake jin sa ta taga. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda yake faɗar gaskiya tsirara sau shida a rana, ana biyan sa da tafi.

Sauran duk dabara ce. Baiti na biyu na waƙar farko yana ƙarewa daidai gidan su Uesedo, sai ya ce, "Ku dubi hagu, ba furen da ya kai wannan ja a duk tsibirin." In iska ta canja ta kawo gishiri, ya san an hau tudu: "Ga teku nan, ku ƙirga min launinsa, ni na tsaya a bakwai." Su yi ta ƙirgawa, shi yana murmushi yana fuskantar wajen. Bokiti kuwa Chiyo ta ɗauke masa. In abin ya zo mata sai ta ja ta tsaya cak, ba za ta ɗaga wutsiya ba sai ta ji ƙarar ƙarfe a bayanta.

Kuma waƙar. Na san muryarsa tun ina yarinya, amma ba haka take ba a da. Da yana waƙa ne kamar mai sallamar layi. Yanzu yana jan baiti har ya kai ƙarshensa, ya bar shi ya sauka da kansa. Wata mata daga Sendai da ke gefena ta cire tabarau ta goge ido, ba ta san ko kalma ɗaya ta harshenmu ba.

Dokar ƙungiya ce ɓauna ta huta in ta cika shekara ashirin. A kai ta tafkin da ke ƙarƙashin cediya, ta ci, ta kwanta a laka, yara su zo su gan ta. Kawu ya shiga yaƙi da dokar nan da duk ƙarfinsa. A taro ya ce an yi kuskuren shekarunta. Nakamori ya ɗauko hoton ranar haihuwarta, ga Kawun a ciki riƙe da ita, da baƙin gashi. Ya ce to ɓaunar yanzu ba irin ta da ba ce, sun fi ƙarko. Ya ajiye littafi a amalanke baƙi suna sa hannu, har da wani yaro da ya zana ta da ƙaho huɗu. Gari ya ɗauka: kai, Seikichi da son dabbar nan! Mata a shagon awara har da cewa da mazajensu za su so su rabin haka.

Ban ce ba ya son ta ba. Na sha ganin sa yana wanke ta da rana, yana mata hira ƙasa ƙasa, yana ɓare mata mazarƙwaila daga aljihu. Amma na kuma ga yadda take numfashi a kan tudu, na san shi ma yana ji, tunda kunnensa ya fi na kowa. Mutumin da ke son ɓauna don kanta, shi zai fara cewa a bar ta ta huta. Kawu ya san haka. Ina jin shi ya sa mazarƙwailar ta ƙaru a satin nan.

Inna Sumie ta cika rabin alkawarinta. Ranar Laraba ta sa rigarta ta zuwa gari, ta shafa hoda, ta nufi rumfar ƙungiya. Bayan sa'a guda ta dawo ta zauna a bakin ƙofata tana fifita da hula.

"Kin faɗa masa, Inna?"

Ta dube ni. "Au, ashe bangon ya kai miki."

"Ya kai min."

"Ina buɗe baki ya ce in sha shayi. Na sake buɗewa ya ce in ɗanɗana fanken da matarsa ta soya. Na uku ya fara ba ni labarin guguwar da ta ɗauke rufin kakansa. Fanke huɗu na ci, Asami. Na fito ban ce komai ba." Ta ci gaba da fifita. "Kuma da daɗi, ja'irar ta iya suya."

Ranar sallamar Chiyo kowa ya fito. 'Yan makaranta su goma sha ɗaya suka saƙa mata sarƙar furanni, shugaban makaranta ya karanta jawabi, ita kuwa kafin ya kai rabi ta karkato kai ta cinye sarƙar tana kallon sa. Aka soya goya da awara a babban kasko, aka dafa taliya da naman alade, tsofaffi suka zuba awamori, giyar shinkafarmu, a ƙananan kofuna tun rana na tsaka. Kawu ya kaɗa sanshin da sauri, mata suka ɗaga hannu sama suka shiga rawa, baƙin da suka sauko daga jirgin rana ba su san me ake yi ba suka ajiye jakunkuna suka shiga. Shi ya ja Chiyo zuwa tafki da kansa, ko in ce ita ta ja shi. Ta shiga laka ta kwanta ta saki wani dogon numfashi, ba ta ko waiwayo ba.

"Kun ga butulci," ya ce, aka yi dariya. Ya daɗe a tsaye da igiyar da babu kowa a ƙarshenta.

Na zaci a ranar zai faɗa. Bai faɗa ba. Da safe ya sa hularsa ya fita kamar kullum, ni kuma na bar wanke-wanke na bi shi, na sake samun kujerar baya.

Gonta ɗan shekara huɗu ne, baƙi wuluk, mai faɗin ƙirji da kunnuwan da ba sa zama wuri ɗaya. Ya san hanya sama sama, amma sai an ja masa igiya a kowane lungu. Baƙi na gama faɗin sunayensu sai ga Nakamori ya fito daga rumfa yana gyara ɗamara. Mutum ne mai shekara hamsin da 'yan kai, Kawu ne ya koya masa riƙe igiya.

"Yaya Seikichi, bari in taka a gefensa yau. Ranar farko ce, kar ya yi mana shirme."

"Kana ganin ban iya ba ne?"

"Wane ni. Likita ne ya ce in riƙa tafiya, ka ga tumbin nan."

Haka aka tafi, Nakamori na gaba hannunsa a kan wuyan Gonta, gumi na bin ƙeyarsa. A lungun makaranta shi ya tura kan dabbar gaba ya juyo da shi, Kawu kuwa ya ɗaga hannu sama ya yi barkwancinsa. Aka tafa. Gonta ya fi Chiyo sauri, saboda haka baiti na biyu ya ƙare an riga an wuce gidan su Uesedo, Kawu ya nuna wa baƙi rumfar ajiye kekuna ya ce ba furen da ya kai ta ja. Suka ɗauka wasa ne. Na fara tunanin za a sha.

Sai muka shigo layin Obaa Toyo. Kowace tsohuwa a nan Obaa ce, amma in an ce Obaa kawai ba a ƙara suna ba, ita ake nufi. Shekararta tamanin da tara, kuma yashin gaban gidanta shi ake ɗauka hoto a sa a takardun talla. A ranar jikarta za ta kawo saurayinta daga Tokyo a gaishe ta. Tun asuba ta share, ta yayyafa ruwa, ta sake bi da tsintsiya ta fitar da zane kamar igiyar ruwa. Tana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiyar a hannu tana gadin sa.

Nakamori ya yi tunanin lungu, ya yi tunanin tudu da keke da yara. Ba wanda ya yi tunanin wutsiya. Gonta bai tsaya ba, bai jira ƙarar bokiti ba. Yana tafe ya ɗaga ta, ya fara daga kusurwar katangar Obaa, ya bi zanen nan tiryan-tiryan har ɗaya kusurwar. Nakamori na gaba, bai gani ba. Baƙi suka fara ihu, wasu na dariya, wani yaro na cewa, "Baba, duba! Duba!" Kawu ya ji hayaniya ya ɗauka waƙar ce ta kama su. Ya lumshe ido ya ƙara murya.

"Seikichi!"

Tsirkiya ta tsaya. Gonta ma ya tsaya.

"Sauko."

Ya sauko. Ƙafarsa ta dama ce ta gaya masa abin da ya faru.

"Obaa, wannan dabbar ba ta da tarbiyya, ban ankara ba..."

"Ba ka ankara ba? Da me za ka ankara? Shekara biyu ina tsayawa a nan kowace safiya ina ihu, 'Seikichi, Toyo ce, an tashi lafiya?' Ka taɓa jin mutum na faɗin sunansa ga yaron da ya goya? Hauka nake?"

Ta nuna layin da tsintsiya, ta ci gaba.

"Uesedo ya datse reshen gwandarsa don kar ya tsone ka. Mai gidan waya ya daina ajiye kekensa a lungu. Malaman makaranta sun hana yara buga ƙwallo in an ji sanshin. Duk garin nan mun kauce maka, mun yi shiru, mun ce babba ne, zai faɗa da kansa. Yau ga sakayyata. Surukina na Tokyo zai tsallaka wannan ya shigo!"

Kawu ya juya wajen da yake jin numfashin Nakamori. "Kai ma?"

Nakamori ya cire hula ya dubi cikinta. "Tun ranar da ka kira ni da sunan matata, Yaya."

Inna Sumie ta iso da gudu, hannunta duk kumfa. Ta dubi yashi, ta dubi ƙafar mijinta, ta dubi Nakamori. "Fanke huɗu," ta ce. "Ashe toshe min baki kake." Sai dariya ta ƙwace mata, ta dafa katanga. Daga nan ta kama kowa, har baƙin da ba su fahimci rabin zancen ba. Obaa ce kaɗai ta riƙe fuska, ita ma gefen bakinta na motsi.

Nakamori ya miƙa hannu biyu. "Igiyar, Yaya. Ajiya ce. Ka kawo min takardar likita, ka zagaya da Gonta sau ɗaya ba kowa a gabansa, in mayar maka. In ba haka ba, ba zan iya ba."

Kawu ya ba shi. Nakamori ya hau ya ƙarasa da baƙin, ba waƙa.

Al'ada ce wanda ɓaunarsa ta ɓata yashi shi zai kwashe, ya ɗebo sabo daga bakin teku ya zuba. Kawu ya ƙi a taya shi kwasa. Na dai tura baro muka gangara tare, don ni ma ina da tambaya. Ruwa ya janye, baƙi na durƙushe a gaɓa suna tona yashi da tafin hannu suna neman ƙwayar yashi mai siffar tauraro. Ya cika baro rabi ya zauna a kan wani kwale-kwale da aka kife.

"Kawu, aikin idon nan minti ashirin ne. Mahaifiyata an yi mata, washegari ta zare allura. Tsoron wuƙa kake?"

"Ni da na sari rake?"

"To mene ne?"

Ya murza yashi a yatsunsa.

"Kin san me direba ke gani in ya juyo? Shekara talatin ina gani. Wannan na hamma. Wannan na duba agogo kar jirgi ya tafi. Wancan ya ɗaga waya, ba ni yake kallo ba, wayar yake kallo. Sai ka riƙa gutsure waƙa kana sauri. Da hazon nan ya zo, duk suka ɓace. Sai na ga kamar kowa ni yake saurare." Ya yi 'yar dariya. "Shekara biyun nan, Asami, ban taɓa jin daɗin aiki kamar su ba."

Na yarda da shi, amma ba duka ba. Akwai wannan, akwai kuma girman kai irin na mutumin da ya koya wa kowa aiki. Su ma da suka yi shiru, ba tausayi ne kaɗai ba. Nakamori ya san amalanken wa ke fara cika. Obaa, in ta fallasa shi da wuri, wa zai tsaya ƙofarta ya ce wa baƙi ga matar da ta fi kowa kyau a zamaninta? Ni kaina sati uku na riƙe zancen, don na ji daɗin zama wadda ta san abin da wasu ba su sani ba, ashe ni ce ta ƙarshe a garin. Kowa da abin da ya ci a cikin shirun nan, kuma duk da haka ba wanda ya bar kekensa a lungu.

"Matar da ta zauna kusa da ni rannan kuka ta yi," na ce. "Da ka gani."

"Wataƙila rana ce ta shiga idonta."

"Je ka a gyara naka, ka zo ka tantance da kanka."

Baro shida muka kai. Obaa ta sa shi ya baje, ita ta bi da tsintsiya tana faɗa. Saurayin Tokyo ya iso ana cikin haka, da kwat da ledar tsaraba, ta miƙa masa shebur kafin ya gama rusunawa.

Ranar Litinin suka hau jirgin safe, shi da Inna Sumie, ta riƙe masa hannun riga kamar zai gudu. Aka yi ido ɗaya, bayan sati aka yi ɗayan. Ya dawo da baƙin tabarau da magungunan ɗigawa, ya kuma dawo da ƙorafi. Ta bango na ji shi yana cewa wa ya yi wa rufin madafa wannan baƙin, tun yaushe labulen nan ya koɗe. Ya tsaya a tsakar gida ya ƙare min kallo ya ce ya ɗauka na fi haka tsawo. Likita ya hana shi ƙura da ɗaukar kaya wata guda, sai ya riƙa zuwa tafki yana zama. Ya ce bai san Chiyo ta yi furfura a haɓa ba. Wata rana na same shi a kan tudu shi kaɗai yana kallon teku, bakinsa na motsi. Ƙirga yake.

An sa ranar gwaji wata Asabar, tafiyar ƙarfe tara, amalanke cike da baƙi na gaske. Ban je ba. Ina da masu tafiya da jirgin goma, kuma gaskiya tsoron abin da zan gani nake. Inna Sumie ma ba ta je ba. Ta shigo madafata ta zauna tana ɓare min tafarnuwar da ban nema ba. Daga nan muna jin sanshin yana zagaya gari: ya yi nisa wajen makaranta, ya yanke, muka daina motsi, ya dawo. Ya hau tudu. A layin Obaa ya sake yankewa, muka ji ƙarar ƙarfe, sannan tafi, da wata tsohuwar murya tana cewa wani abu da ba mu ji ba.

Wajen sha ɗaya inuwa ta tare ƙofa. Kawu ne, wandonsa jiƙe har gwiwa, igiya naɗe a kafaɗarsa, bokiti wankakke a hannu. Fuskarsa a murtuke.

Inna Sumie ta miƙe, ɓawon tafarnuwa na zuba daga cinyarta. "To? Yi magana mana, Baban Yoshimi!"

Ya ajiye bokitin a bakin ƙofa ya girgiza kai.

"Wannan Gontan ba abin da ya sani. Ba kai, ba kunya, ga sauri kamar ana bin sa. Zuba min abinci in koma, Sumie. Shekara goma zan yi kafin in mai da shi ɓauna."